Ƙanena ba ya samun natsuwa sai a bargar Kawu: shin doki na maganin firgici?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku daga Sakkwato a kan ƙanena, ɗan shekara 24. 'Yan bindiga sun tare motarsu a hanyar gabashin jihar, ya yi kwana 41 a hannunsu, sai da muka sayar da gona aka sako shi. Yau wata biyar da dawowarsa, amma wallahi kamar ba shi ba. Ba ya barci sai gab da asuba, in ya yi ma ya farka a firgice, jiki duk gumi. Da ya ji ƙarar babur sai ya miƙe tsaye. Ya bar zuwa shago, ya bar majalisar abokansa, in Inna ta tambaye shi abin da ya faru sai ya tashi ya fita. Na taɓa ganin tiramadol a aljihun rigarsa. Wuri ɗaya muka lura hankalinsa na kwanciya, wato bargar Kawunmu mai dawaki uku. Yakan fi awa guda zaune kusa da su. Rannan ya ce mini, "Yaya, dokin ga ba shi tambayata komi." Na ji an ce a ƙasashen waje ana yi wa masu irin wannan larura magani da dawaki. Gaskiya ne? Kawu ya ce a ɗora shi kan ingarmansa ya yi kilisa, zuciyarsa ta dawo. Inna ta ce aljanun daji ne. Wasu dangi sun ce mu yi karo-karo mu saya masa nasa dokin. Na rasa wadda zan kama.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya mayar muku da abin da kuka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke can har yanzu.

Abubuwan da kika lissafa, likitocin ƙwaƙwalwa sun san su sarai: rashin barci, mugun mafarki, zabura, gudun duk zancen da zai tuna masa da daji, janye jiki daga mutane. In irin waɗannan suka wuce wata ɗaya bayan mummunan tashin hankali, har suna hana mutum harkokinsa, ana zargin larurar firgicin bayan bala'i, wadda za ki ji ana ce wa PTSD a asibiti. Likitan da ya zauna da shi ne zai tabbatar. Amma tun yanzu ki gaya wa Inna cikin ladabi cewa ɗanta bai taɓu ba. Jikinsa ne ya yi kwana 41 yana jiran mutuwa, har yau bai yarda an tsira ba. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani gudu yake.

Zancen doki kuwa gaskiya kika ji. A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Eagala da aka kafa a 1999, tsarinta shi ne ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ƙwararre kan dawaki su yi aiki tare da majinyaci, kuma duk a ƙasa, ba a hawa ko kaɗan. Masu bincike a Jami'ar Kolombiya da ke Niu Yok sun wallafa wani gwaji a 2021, inda tsofaffin sojoji 63 masu wannan larura suka riƙa zama da dawaki rukuni-rukuni, minti 90 sau ɗaya a mako har mako takwas, su ma ba hawa. Wajen rabinsu sun samu sauƙi na a-zo-a-gani, sauƙin kuma yana nan da aka sake duba su bayan wata uku. Sai dai a wannan gwaji ba a ware wasu da ba su je wurin dawaki ba domin a kwatanta, kuma yawancin binciken da ke wannan fage haka yake, ƙanana ne. Shi ya sa magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba ga wannan larura ba na doki ba ne. Manyansu biyu ne, dukkansu na zama da ƙwararre: ɗaya shi ne wanda ake bi da majinyaci sannu-sannu ya fuskanci abin da ya faru da shi, ya gyara tunanin da ya maƙale masa, ɗayan kuma ana ce masa EMDR, ana haɗa tuna abin da motsa idanu hagu da dama.

Don haka ra'ayinmu a fili yake. Bargar Kawu alheri ce da Allah ya kawo muku, kada ku raina ta, amma mataimakiya ce. In aka ɗora mata aikin likita, za a yi asarar watanni, ciwon kuma yana ƙara kafuwa.

Me doki ke yi masa?

Doki dabba ce da a asalinta farautarta ake yi, saboda haka kullum a faɗake yake. Idanunsa na gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa, kunnuwansa kowanne na juyawa da kansa. Ki tsaya ki kalle shi in leda ta taso da iska. Zai ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa, wuyansa ya sandare, ya zuba wa ledar ido. In ya ga ba komai, sai ya fesar da iska ta hanci, ya sauke kai, ya ci gaba da cin harawarsa. Duk wannan ba ya cin minti ɗaya. To, wannan saukowar ce ta ɓace wa ƙanenki. Ya iya zabura, sauka ce ta gagare shi. Zama kusa da halittar da ke zabura ta sauko sau da yawa a gabansa yana koya wa jikinsa abin da baki ba zai iya koya masa ba.

Na biyu, doki na lura da yanayin mutum. A 2016 masu bincike a Jami'ar Sasseks ta Ingila sun nuna wa dawaki hotunan fuskokin mutane, bugun zuciyarsu ya fi saurin tashi in suka ga fuska mai fushi. Labarin zuciya a tambayi fuska, doki kuma ya ƙara da kafaɗu da taku da numfashi. Wanda ya tunkare shi jiki a ɗaure, numfashi sama-sama, sai dokin ya ja baya ko ya ɗaga kai. In ya saki kafaɗunsa, sai dokin ya matso. Ba sanin gaibu ba ne, kada kowa ya gaya muku doki na ganin abin da ke cikin zuciya. Amfanin shi ne mutum na ganin sakamakon natsuwarsa nan take a jikin wata halitta. Na uku kuwa shi da kansa ya faɗe shi: doki ba ya tambaya. A gida kowa na kallonsa da tausayi ko da tambaya, a barga kuwa shi mutum ne mai kawo ruwa da dusa.

Asibiti tukuna

Kafin a tsara komai a barga, a kai shi ya ga likita. Kuna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kuna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. In sunan Kware na ba shi kunya saboda bakin mutane, ku fara da asibitin koyarwa, inda kowa ke shiga da ciwonsa. Kada ki ce masa "za mu kai ka a duba kanka". Ki ce, "Rashin barcin nan ya yi yawa, mu je a duba." Gaskiya kika faɗa, kuma ita ce ƙofar da ya fi yarda da ita. A duba jikinsa gaba ɗaya, domin wanda ya yi makonni a daji yana iya dawowa da ƙarancin jini, tsohon rauni, ko bugu a ka. A nemi a yi masa allurar rigakafin tetanas in ya daɗe bai yi ba, domin ƙwayar cutar na zama a ƙasa da kashin doki, ƙaramin yanka ya ishe ta shiga.

Maganar tiramadol dole likita ya ji ta, ko da ƙanenki zai ji haushi. Dalili biyu ne. Ƙwayar na iya jawo farfaɗiya, musamman in an sha da yawa, kuma mutumin da zai iya faɗuwa ba zato bai kamata ya tsaya gindin doki ba. Sannan ba ta jituwa da magungunan da aka fi rubuta wa masu wannan larura, irin su sataralin, haɗa su na iya zama haɗari. In ya riga ya saba da ita, kada a ƙwace a ce ya bari rana ɗaya, likita zai tsara yadda za a rage. Haka kuma kada kowa ya sayo masa diyazefam a kemis don barci. Tana kwantar da mutum na dare ɗaya, amma ba ta warkar da firgici, sabo da ita kuma wani ciwon ne na daban.

Addu'a da azkar da karatun Alƙur'ani, Inna ta ci gaba, suna sanyaya zuciya kuma ba sa karo da asibiti. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne duk wata ruƙiyya da za a danne shi, a dake shi, a turara masa hayaƙi da ƙarfi, ko a ɗaure shi. Mutumin da aka ɗaure a daji, in danginsa suka sake ɗaure shi, sun mayar da shi can da hannunsu.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: in ya fara zancen gara ya mutu, ko yana rarraba kayansa kamar mai bankwana, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya daina ci da sha, ko ya ɗauki makami a kan wani. A ranar a tafi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da wuƙa da maganin ƙwari da fiya-fiya daga inda zai kai hannu.

Wane doki?

Nan ne za ki yi haƙuri da Kawu, domin niyyarsa mai kyau ce amma ingarman hawa shi ne na ƙarshen da za a zaɓa. Dokin hawan salla an hore shi ne da linzami mai kaifi da ƙaimi domin ya yi rawa, ya yi taɓarya, ya yi zamiya. Ana ciyar da shi gero da dawa, ya wuni a turke, ƙarfi ya taru masa. Irin wannan doki, ɗan motsi kaɗan ke tayar da shi, in goɗiya ta gifta kuma sai abin da hali ya yi. Wanda ake so shi ne mafi sanyin hali cikin ukun: babba, shekara goma zuwa sama, goɗiya ko dandaƙaƙƙe in akwai, wanda ko yaro na jan sa. Goɗiya mai ɗan duƙushi a gindinta ba ta shiga lissafi, tana kare ɗanta da cizo da harbi.

A gwada dokin ranar da ƙanenki ba ya nan. Ɗan barga ya shafa shi ko'ina, har ciki da ƙafafu, ya ɗaga kowane kofato. A kaɗa leda taku biyar daga gare shi, a buɗe lema, a wuce da babur ta bayan katanga. Ba a neman dokin da ba ya zabura, babu shi. Ana neman wanda ke saurin saukowa. In bayan minti ɗaya yana nan yana zagaye turke yana haniniya, ba shi ba ne. Likitan dabbobi ma ya duba shi, akwai asibitin koyarwa na tsangayar likitan dabbobi ta jami'ar a nan Sakkwato. Doki mai ciwon baya, ko gyambon sirdi, ko ciwon haƙori, ba ya da haƙuri da hannu. Makero kuma yana tsallakawa daga fatar doki zuwa ta mutum, kaska ma a cire ta.

Gyaran wuri

Ki shiga bargar da kanki, ko ki tura wanda kika yarda da shi, a dube ta da idon wanda aka tsare. Mu mun saba ganin doki ɗaure ta ƙafa a turke, ko da dabaibayi, har ba ma lura. Shi kuwa wataƙila haka aka yi masa. A tambaye shi sau ɗaya, a taƙaice: "Akwai abin da kake so a kawar daga nan?" In ya nuna sarƙa ko igiyar ƙafa, a cire, a riƙe dokin da ragama. Bulala da ƙaimi da adda a kai su ɗaki tun kafin ya zo. Ƙofa ta kasance a inda yake ganin ta, kuma kada kowa ya tsaya tsakaninsa da ita. Fili mai kamar taku 15 kowane gefe ya isa, a share shi daga ƙusa da waya da kwalba. Sauran dawakin biyu a ɗaure su nesa, inda ba za su kai baki ko ƙafa ba.

Lokaci kuma zafin Sakkwato ne zai yanka muku shi. Daga Maris zuwa Mayu, da rana kan wuce digiri 40, ba mutum ba doki mai haƙuri da tsakar rana. Bayan fitowar rana zuwa ƙarfe takwas, ko bayan la'asar sakaliya. Tunda barcinsa na asuba ne, ku fara da yamma. In an samu ci gaba, a mayar da zama ɗaya safe, domin samun dalilin tashi da hasken safiya suna taimaka wa barcin dare. Lokacin hunturu, in yana da asma, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara goge doki. Kada a yi zaman daidai lokacin ba dawaki hatsi, hankalinsu na kan abinci, sun fi faɗa a lokacin.

Mutum uku sun isa: shi, da ɗan barga, da mutum ɗaya da shi ya zaɓa. Aikin ɗan barga ido a kan doki, baki a rufe. Ba nasiha, ba "ka zama namiji", ba ɗaukar abin da ya gani zuwa majalisa. Yaran unguwa masu leƙe ta katanga a sallame su, waya kuma ba hoto ba bidiyo. In za a samu ƙwararren da ke duba shi ya zo ko sau ɗaya ya ga wurin, ya fi kyau ƙwarai, domin a lokacin ne abin ke zama magani da doki na sosai. In ba zai samu ba, a gaya masa abin da ake yi, a riƙa kai masa rahoto.

Dokokin tsira kaɗan ne, amma ba a sassauta su. Takalmi sau-ciki, ba silifa ba, domin dabba mai kilo 300 zuwa 400 in ta taka yatsa ta gama da shi. Ana tunkarar doki ta kafaɗa, daga gefe, ana yi masa magana, saboda ba ya ganin abin da ke daidai bayansa ko daf da goshinsa. Ba a tsayawa bayansa. Igiya ba a naɗe ta a hannu ko a wuyan hannu, ninke ta ake yi a riƙe, don in ya fizga ta zame. Ba a zama a ƙasa ko durƙusawa gindinsa. Abin kwaɗayi a zuba a kwano, ba a tafin hannu ba, kada ya koyi cizo. Ranar da ƙanenki ya sha ƙwaya, ko bai rintsa ba sam, ranar ta kallo ce daga nesa.

Yadda makonnin za su tafi

Shawararmu zama biyu a mako, minti 30 zuwa 45, har mako takwas, a ranaku da lokaci tsayayyu. Tsayuwar lokacin kanta magani ce ga wanda ya yi kwanaki bai san abin da minti na gaba zai zo da shi ba.

Mako biyun farko, abin da ya riga yake yi ne, sai ɗan ƙari. Ya zauna a kujera ko turmi taku biyar daga dokin, ya koyi karanta shi. Kai a ƙasa, leɓen ƙasa a sake, ƙafar baya ɗaya a ɗage kan bakin kofato, lasar baki da tauna: doki ya natsu. Kunnuwa a manne baya, wutsiya na kaɗawa da ƙarfi, farin ido ya fito, kofato na tonon ƙasa: a ba shi wuri. Wanda ke tare da shi zai iya tambaya, "Yaya ka ga dokin yau?" Tambayar ta tsaya kan doki. Sau da yawa mai irin wannan ciwo zai ce "yau a tsorace yake" alhali kansa yake nufi. Kada a ce masa "kai ma haka kake". A bar shi ya gano da kansa. In ya ga dama ya matsa, ya miƙa bayan hannu dokin ya shinshina, ya ja baya in ya so. Shi ke cewa a matsa, shi ke cewa a tsaya, domin abin da aka ƙwace masa a daji ke nan.

Mako na uku da na huɗu na hannu ne. Ya goge dokin da buroshi, daga wuya zuwa kafaɗa zuwa baya, bin kwanciyar gashi, dogon ja a hankali, ya taje geza. Bayan minti goma ya ajiye buroshin, ya tsaya a gefe daidai kafaɗa, ya ɗora tafin hannu kan haƙarƙarin dokin. Doki mai hutawa na numfashi sau 8 zuwa 16 a minti, mutum kuwa 12 zuwa 20, mai firgici ya fi haka. Zai ji cikin dokin na tasowa a hankali ƙarƙashin hannunsa, da ɗumi, yana komawa. Ya bi shi: shaƙa yana ƙirga huɗu, fitarwa yana ƙirga shida. Fitar da numfashi a hankali ita ke rage gudun zuciya. Minti uku sun isa. Ɗan barga zai iya nuna masa jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi, inda ake jin bugun zuciyar doki, sau 28 zuwa 44 a minti, kusan rabin na mutum. Amfanin wannan darasi ba a barga ya tsaya ba. Shi ne abin da zai yi ƙarfe biyun dare in ya farka a firgice, hannu a kan cikinsa, huɗu da shida.

Daga mako na biyar ya fara ja. Igiya mai kamar mita uku, shi a gefen hagu daidai wuyan dokin, ɗan barga a ɗaya gefen. Tafiya, tsayawa, juyawa, sa doki ya ja da baya taku biyu. Nan ake ganin abubuwa. In ya yi sanyi da yawa, dokin zai ja shi zuwa ga harawa. In ya fizga da fushi, dokin zai turje. Dole ya nemo tsakiya, murya tsayayya ba tsawa, kuma ranar da dabba mai ninkinsa biyar a nauyi ta tsaya cak don ya ce ta tsaya, ki dubi fuskarsa. A makonnin ƙarshe a jera sanduna da tsofaffin tayoyi a ƙasa ya bi da dokin tsakaninsu, a kuma ba shi wani aiki da zai zama nasa, kamar ban ruwan yamma.

Ki sayi ƙaramin littafi. Kafin kowane zama da bayansa ya faɗi lamba daga sifili zuwa goma, sifili natsuwa, goma firgici mafi tsanani. A rubuta, tare da awa nawa ya yi barci, da ko ya yi mafarki, da ko ya fita wani wuri ban da barga. Wannan littafi shi za a riƙa kai wa likita.

Inda abin ke lalacewa

Mafi yawa daga dangi ne masu ƙauna. An ga ya saki jiki, sai a ce yanzu ne lokacin tambaya: "Wai me suka yi maka?" Da an yi haka sau biyu, barga ta zama ɗakin tuhuma, ya daina zuwa. In shi ya fara magana da kansa, a saurara, kada a tono, kada a yi salati da kuka a gabansa. "Na ji ka, ina nan" ta isa. Buɗe labarin gaba ɗaya aikin ɗakin likita ne, inda aka san yadda ake rufe shi kafin mutum ya tashi.

Wata rana abin zai taso masa a tsakiyar zama, ƙila babur ya wuce, ƙila warin hayaƙin itace. Za ki ga idonsa ya kafe, jiki na rawa, ko ya tsaya kamar ba ya nan. Ɗan barga ya janye dokin a hankali, shi ne aikin farko. Kada a kama shi, musamman ta baya. A tsaya inda yake gani, a kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, a gaya masa inda yake: "Kana gidan Kawu, a Sakkwato, yau Talata." A ce ya taka ƙasa da ƙarfi, ya faɗi abu biyar da yake gani, a ba shi ruwa mai sanyi. Yakan lafa cikin mintuna. Wannan ba faɗuwa ba ce, amma in ya faru a zama biyu a jere, ko lambar bayan zama ta riƙa fin ta farko, a koma matakin baya a sanar da likita.

Hawa kuma a ajiye shi har bayan makonni takwas, sai likita ya yarda, da hular kwano, ana jan dokin a tafiya. Mai zabura in ya matse ƙafafu a cikin doki, dokin hawa zai ɗauka umarnin sukuwa ne. Faɗuwa ɗaya na iya rushe amincin da aka yi wata biyu ana ginawa. Hawan salla ma bana ya haƙura da shi, ko kallo. Cunkoso da ihu da ƙarar bindigogin gargajiya sun yi kama da abin da yake gudu.

Sai wata matsala mai shigowa a ɓoye, wato barga ta zama maɓoya. Gudun mutane na cikin ciwon, kuma mutum na iya wuni wurin dawaki don kada ya ga kowa, dangi na murna an samu sauƙi. Ma'aunin ba yawan zamansa a barga ba ne. Ki duba ko ya fara cin abinci tare da ku, ko ya je masallacin unguwa, ko ya leƙa shago ko na awa ɗaya. Daga mako na shida a riƙa haɗa kowane zama da ƙaramin abu na waje, kamar ya raka ɗan barga sayen dusa, ko ya gayyaci aboki ɗaya ya nuna masa yadda ake goge doki.

Sayen doki kuwa, a'a, ba yanzu ba. Gidan da ya sayar da gona bai kamata ya ɗauko bakin da ke cin ciyawa da harawa kimanin kilo 7 kullum ba, ban da hatsi da dusa da kanwa, ga ruwa lita 30 zuwa 40 ko fiye in zafi ya yi, ga magani. Doki na iya kamuwa da ciwon ciki ya mutu cikin kwana ɗaya, kuma in nasa ne, nauyin da laifin duk a kansa za su sauka. Kuɗin karo-karon a ajiye su don zirga-zirgar asibiti da magani. Abin da za ki roƙi Kawu shi ne alkawari ɗaya: kada a sayar da dokin da aka zaɓa, kada a ba da aronsa, ba tare da an gaya wa ƙanenki tun da wuri ba. Shi ma dokin yana da haƙƙi. In ya fara juya baya ko manne kunnuwa duk sanda aka zo, ya gaji ko yana ciwo, a hutar da shi.

Ke ma, 'yar'uwa, da Inna, kun yi kwana 41 kuna jiran ƙarar waya. In barcinki ya lalace ko gabanki na faɗuwa duk sanda baƙuwar lamba ta kira, ki faɗa wa likitan ranar da kika raka shi. Wajen Kawu kuma kada ki je da "likitoci sun hana". Ki je da gaisuwa, ki ce masa an ga albarkar dawakinsa a kan yaron, ana neman ya zaɓo da kansa wanda ya fi sanyin hali cikin ukun, tunda ba wanda ya san su kamarsa. In ya zaɓa, ku sa ranar gwajin leda da lema, ku kuma karɓi katin asibiti a makon.